Maki Ba Shi Ne Daɗin Labari Ba

Maganar wannan mako ba za ta yi wa wasu daɗi ba, amma a yi haƙuri.

Tun da BBC Hausa ta fara Hikayata a 2016 gasanni suka yawaita a zaurukanmu, sai wata cuta ta biyo baya: bautar maki. Wadda ta ci 85 ta ɗauka ta gama koyo. Wanda ya ci 52 ya ajiye alƙalami. Dukansu ba su san mene ne maki ba.

Ga darasi daga inda ba a zata. Giya haramun ce, ba tallarta nake ba, amma ku ji abin da maki ya yi wa masu yin ta. A 1978 wani lauya Ba'amurke, Robert Parker, ya fara wallafa mujallar da yake ba giyar inabi maki daga 50 zuwa 100. Makinsa ya kai ga ɗaga farashi ko karya shi, har aka riƙa zargin masu gonakin inabi da sauya kayansu don su dace da harshen mutum ɗaya. Kafin nan, a Paris a 1976, alƙalai Faransawa sun ɗanɗana ba tare da ganin sunan kwalba ba, sai ga ta Kalifoniya ta kayar da tasu. Ashe suna ma yana sa maki.

Haka muke yi yau. Labarin kuka ya ci gasa bara, bana kowa kuka. Kishiya, marainiya, asibiti, mutuwa. Ina manomin Ungogo da gari ke cinye gonarsa fuloti-fuloti? Ina mai kai hatsi Dawanau? Ba a rubuta su, wai ba sa kawo maki.

Ba gasa nake zagi ba. Gasar 1933 ce ta ba mu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, kuma ba wanda ya yi kama da ɗan'uwansa. Wa ke tambayar makinsu yau?

Don haka masu shirya gasa a wannan zaure, ku cire sunan marubuci kafin labari ya je hannun alƙali. Ku bayyana ma'auninku: nawa ne na jigo, nawa na salo, nawa na ƙa'idojin rubutu. Alƙali kuma ya rubuta dalili, ko layi uku ne. Lamba ba ta gyara labari.

Kai kuma sabon marubuci, ka nemi dalilin, ka bar lambar. Wanda bai yarda ba, fili a buɗe yake.