Ɗakin bayan gida a Amurka: kada a bar mai sayarwa ya zama shi ne malami

A Maradi ko Zinder, idan yaro ya isa aure kuma akwai sauran fili a cikin gida, lissafin gajere ne: a sayi bulo da kwano, a kira magini, cikin 'yan makonni ɗaki ya tashi. Da yawa daga cikin 'yan Nijar da suka samu sukunin sayen gida a Amurka da wannan tunanin suke kallon filin da ke bayan gidajensu, musamman yanzu da jihohi da birane suka fara ba da damar gina ƙaramin gida na biyu a harabar babba. ADU ake kiransa a taƙaice. Zai iya zama sabon gini a bayan gida, ko gareji da aka mayar wurin kwana, ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa da aka gyara, muddin yana da madafa da makewayi da ƙofarsa.

Damar ta gaske ce. Jihar Kalifoniya ta sassauta dokokinta daga farkon 2017, ta ƙara sassautawa a 2020: dole hukumar birni ta ba da amsa kan takardar izinin gini cikin kwana 60, kuma ginin da bai kai kimanin murabba'in mita 70 ba an ɗauke masa kuɗin da birane ke karɓa a kan sabon gini domin hanyoyi da wuraren shaƙatawa. Izinin da aka bayar ya tashi daga dubu ɗaya da 'yan kai a 2016 zuwa sama da dubu 20 a 2022. Birnin Niyu Yok, inda 'yan Afirka ta Yamma suke da yawa a Bronx da Harlem, ya bi sahu a watan Disamban 2024. Ga mai neman inda zai ajiye mahaifiyarsa da ta zo daga gida, ko kuɗin haya da zai rage masa nauyin bashin banki, wannan abin maraba ne.

Matsalar tana wajen inda mutane ke samun bayani. Wanda ya shiga intanet yana tambayar nawa ginin zai ci, galibin amsoshin da za su fara fito masa na kamfanonin gini ne da masu ba da rance. Shafin zai yi kama da na mai ba da shawara, har da wurin buga lissafi kyauta, amma a ƙarshensa lambar waya ake nema. Ba sai kamfani ya yi ƙarya ba kafin ya ɓatar da mutum. Ya isa ya faɗi farashin ginin kawai, ya yi shiru kan harsashi, da haɗa bututun ruwa da na najasa, da sauya akwatin lantarki idan tsohon ba zai ɗauki gida biyu ba, da kuɗin mai zanen gini, da ƙarin harajin gida da inshora da za su biyo baya kowace shekara.

Shi ya sa aikin waɗanda ba su da abin sayarwa yake da daraja. Masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun tambayi mutanen da suka riga suka gina irin wannan gida, kuma rahoton da suka fitar a 2021 ya nuna matsakaicin kuɗin da aka kashe dala dubu 150 ne, wato sama da miliyon 80 na sefa. Tun lokacin kayan gini da ladan ma'aikata sun ƙara tsada. Wanda ya san wannan adadi, in aka yi masa tallan gida cikakke a kan kashi ɗaya cikin uku na hakan, zai san akwai tambayoyin da ya kamata ya yi kafin ya sa hannu.

Akwai kuma doka guda da ta cancanci a haddace ta. A Kalifoniya ɗan kwangilar gyara ko ƙarin gini a gida ba shi da ikon karɓar kafin alƙalami da ya wuce dala 1,000 ko kashi 10 cikin 100 na kwangilar, wanda ya fi ƙanƙanta a ciki. A 2024 wani kamfanin gina irin waɗannan gidaje a yankin Sacramento ya rufe, ya bar iyalai masu yawa da suka biya kuɗi da yawa tun kafin aiki, wasu da ginin da bai kai rabi ba, wasu ko tubali ba a aza musu ba. Hukumar ba da lasisin 'yan kwangila ta jihar tana da shafin da kowa zai iya duba lambar lasisi a kyauta, aikin minti biyu.

Ɗabi'ar "a yi kawai, in an zo a daidaita" ita ce ta fi haɗari. Ginin da babu izini kan jawo tara ko umarnin rushewa, ya kawo cikas ranar da za a sayar da gidan, kuma kamfanin inshora na iya ƙin biya in gobara ta tashi. Abin ya wuce kuɗi ma: a Satumban 2021, lokacin ambaliyar da guguwar Ida ta haddasa, mutum 11 suka mutu a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa a Niyu Yok, mafi yawansu baƙi 'yan ci-rani da iyalansu, a ɗakunan da galibi ba su da izini. Sabuwar dokar birnin ta hana irin waɗannan ɗakuna a unguwannin da ruwa ke ci.

Bayanin da ba na talla ba yana nan, sai dai da Turanci yake, kuma a warwatse. Ma'aikatar gidaje ta Kalifoniya tana da littafin jagora kyauta, ƙungiyar AARP ta masu manyan shekaru ma haka, birnin Los Angeles kuma yana da zanen gine-gine da aka riga aka amince da su. Amma dokar Kalifoniya ba ta aiki a Greensboro, inda ɗimbin 'yan Nijar suke zaune. Kowane birni da nasa sharuɗɗan, don haka ofishin tsara birni ne zangon farko, tun kafin a kira ɗan kwangila.

Nan ne ƙungiyoyin 'yan Nijar mazauna Amurka ke da aiki a gabansu. Sun iya haɗa adashi, sun iya tara kuɗin kai gawa gida cikin kwana biyu. Ba zai gagare su ba su sa matasan da suka yi karatu a can su tattara dokokin kowane birni, su fassara su da Hausa da Zabarmanci, su naɗa su a murya domin masu WhatsApp, su kuma tambayi waɗanda suka riga suka gina nawa suka kashe da watanni nawa aikin ya ci. Sharaɗi ɗaya ne: wanda zai yi wannan aiki kada ya kasance yana karɓar la'ada daga wani kamfanin gini, ko da ɗan gari ɗaya ne.