ƘURAR BAM ƊIN FARANSA: INA TA KWANTA?

Jama'a, da yawanmu ba mu san an taɓa tayar da bam ɗin nukiliya a maƙwabtanmu ba. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta gwada na farko a Reggane, cikin saharar Aljeriya, ana tsakiyar hunturu. Zuwa 1966 ta yi gwaji 17, huɗu a sarari, 13 a ƙarƙashin ƙasa. Gwamnatin Tafawa Ɓalewa ba ta yi shiru ba. A Janairun 1961 ta kori jakadan Faransa daga Legas.

To ina ƙurar ta tafi? Ai ba ɓacewa take yi ba, sauka take yi. A cikinta akwai sinadarin siziyom-137, wanda sai ya shekara 30 kafin rabinsa ya mutu. Yana maƙale wa yumɓu, ruwan sama ya wanke shi zuwa rafi, ya kwanta cikin laka a gindin tafki. Kifin da ke kiwo a ƙasan ruwa kuma a nan yake cin abinci.

Mutanen arewacin Turai sun ga haka da idonsu. Bayan hatsarin Chernobyl a 1986, gansakukar da ke fitowa a ƙasarsu mai ƙanƙara ta shanye sinadarin, barewar da ƙabilar Sami ke kiwo ta ci gansakukar, sai ga shi a nama. Dubban dabbobi aka hana ci a Suwidin. Yaya aka yi suka gane? Aunawa suka yi, shekara da shekaru.

Ba ina cewa hazon da ke rufe motoci a Gyadi-Gyadi guba ba ne, kada wani ya ɗauka ya yaɗa. Yawancinsa daga Bodele ta ƙasar Chadi yake tasowa, kuma siziyom ɗin 1960 ko kashi ɗaya cikin huɗu bai rage ba. Amma fa a Arlit ta Nijar, kamfanin Cominak ya rufe a 2021 ya bar miliyoyin tan na sharar yuraniyom. Ita wannan ba lissafin shekara 30 ake yi mata ba, na dubban shekaru ne. Iska kuwa ba ta san boda ba.

Ra'ayina shi ne a auna. Muna da hukumar NNRA, muna da cibiyar CERT a ABU Zariya, ga BUK a gida. A ɗebo laka daga dam ɗin Tiga da Challawa da tsofaffin kududdufan Kano, a haɗa da ruwan rijiyoyin Tarauni, a gwada, a faɗa mana sakamakon da Hausa a rediyo. In lafiya lau ne, alhamdulillahi, hankali ya kwanta. In da matsala, gara mu ji tun da wuri.

Masu wakiltarmu a majalisa, wannan ma aikinku ne. Allah Ya tsare mu.