Kwabon Kakanka Ba Tukunya Ba Ne, Daina Dirje Shi

Yau ba maganar waya ba ce, amma daga teburin gyara ta taso.

Wani kwastoma ya kawo min tsofaffin kwabban kakansa: mai huji na 1959, da kwabo ɗaya na 1973 mai hoton rijiyar mai. Rabinsu ya jiƙa a lemon tsami ya dirje da toka, sun fito jajur suna ƙyalli. Shi yana murna, ni ina salati.

Ra'ayina a nan ɗaya ne: ƙyalli ba shi ne darajar tsohon kuɗi ba. Wannan duhun da ka gani a jikin tagulla ba datti ba ne, shekaru ne suka yi shi, kuma shi masu tara tsofaffin kuɗi ke dubawa. Lemon tsami, tsamiya da Coca-Cola cinye shi suke yi. Toka da man goge baki kuwa karce fuskar suke. In ya tafi, ya tafi kenan.

Za ka ce, to a bar shi da dauɗa? A'a. Yadda muke wanke allon waya da sifirit ba tare da ya ci layukan tagullar ba, haka asiton ke narkar da maiƙo, gam da danƙon leda, ya bar ƙarfen yadda yake.

Ga yadda za ka yi:

1. Nemi asiton zalla. Na goge farce yawanci da turare da mai a ciki.
2. Zuba a kwalba mai murfi, ban da roba, don yana narkar da wasu robobin.
3. Saka kwabo ɗaya na 'yan mintuna, a inuwa.
4. Ɗauko shi ta gefe, ka ɗauraye da sabon asiton, ka bar shi ya bushe da kansa. Ban da buroshi, ban da tsumma.

Hattara: asiton na kama wuta nan take. Buɗe taga, ka nisanta shi da ƙarfen soda, murhu da sigari.

Idan ka ga koren gari yana cin ƙarfen, asiton ba zai cire shi ba. Ware wannan kwabon a busasshen wuri, kar ka kankare.

Fara gwadawa da wanda bai dame ka ba. In kuma babu maiƙo ko gam a jiki, wallahi ƙyale shi ya fi. Waya in ta lalace akwai wata a kasuwa, kwabon 1959 kuwa an daina buga shi.