Daga Clapperton zuwa Wara: An gano hanyar Kwara, saura tsaron masu binta

A watan Afrilun 2027 za a cika shekara 200 da rasuwar Hugh Clapperton, hafsan sojan ruwan Birtaniya da mutanen ƙasar Hausa suka sani da suna Abdullahi. Yauri na cikin garuruwan da ya ƙwallafa rai a kansu, amma bai taɓa taka ta ba.

An haife shi a 1788 a garin Annan na Sikotlan. Tun yana yaro ya shiga aikin jirgi, daga baya ya zama soja, har ya yi aiki a manyan tabkunan da ke kan iyakar Kanada da Amurka. Ya iso Kano a Janairun 1824, ya wuce Sakkwato a watan Maris, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓe shi.

Abin da ya kawo shi tambaya ce guda: ina kogin Kwara yake ƙarewa? Ya nemi a bar shi ya gangara Yauri, amma ba a yarje masa ba, aka ce hanya ba lafiya. A zuwansa na biyu, a 1826, ya biyo ta Busa, inda Mungo Park ya hallaka a ruwa shekara 20 kafin nan. Rashin lafiya ta kayar da shi a Sakkwato, ya rasu bai sami amsa ba.

Yaronsa Richard Lander ne ya ƙarasa aikin. A 1830 shi da ƙanensa John suka yi makonni a Birnin Yauri, sannan suka bi ruwa cikin kwalekwale har bakin teku.

Yau babu mai tambayar inda Kwara ya nufa. Tun 1968 madatsar ruwa ta Kainji ta shanye tsohuwar Busa, kogin ya zama tabki. Sai dai haɗarin yana nan, ya ma koma kan 'yan kasuwa da manoma da mata masu goyo daga Yauri da Ngaski da Shanga, waɗanda ruwan nan shi ne titinsu.

A ranar 26 ga Mayun 2021, wani jirgin katako da ya taso daga Jihar Neja ɗauke da mutum sama da 150 ya nutse kusa da Wara, a Ƙaramar Hukumar Ngaski. Kaɗan ne suka tsira. Musabbabin irin wannan haɗari ba ɓoyayye ba ne: lodi fiye da kima, tsofaffin jirage, tafiyar dare, rashin rigar kariya, da kututturan itatuwan da tabki ya binne.

Dokar hukumar NIWA ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar kariya. To amma wa ke tsaye a mashaya ran kasuwa yana ƙirga fasinja? Wa ya sa alama a inda kututture yake?

Birtaniya ta turo ƙwararren jami'i ya auna, ya rubuta, ya zana taswira, don tana hangen ribar ciniki. Ran mutanen bakin tabki ya fi wannan riba daraja. Kafin a yi taron tuna baƙon da ya zo neman kogi, ya kamata gwamnatocin Kebbi da Neja da ta Tarayya su fara tuna masu kogin.