Idan Likita Ya Ce A Zauna, A Zauna Da Aiki A Hannu

Duk wanda ya san Zongon Lome ya san unguwa ce da aka gina ta a kan tafiya. Tun kafin kiran asuba manyan motoci ke barin tashar Sahel su kama hanyar Sinkase, masu zemijan na jigilar mata zuwa Babbar Kasuwa, wasu kuma sun nufi Aflawo ko Hilakonji da sefa da sidi da naira a aljihu. A irin wannan unguwa babu maganar da ta fi nauyi a kunnen ɗan kasuwa kamar likita ya dube shi ya ce: "Alhaji, sai ka zauna a gida sati shida, ba ɗaukar kaya, ba hawa moto, ba doguwar tafiya." Mutanenmu suna jure allura, suna jure ɗacin magani, har wuƙar tiyata suna jurewa. Zaman ne yake gagarar su.

Kowa ya san yadda abin yake gudana. A satin farko gida cike yake da masu dubiya, wannan ya kawo lemo, wancan ya kawo fura. A sati na biyu ƙafa ta fara ɗaukewa, kowa ya koma nemansa. Kafin a shiga na uku, mara lafiya ya ƙirga ƙusoshin rufin ɗaki har ya gaji, yana jin ƙarar motocin da ke wucewa arewa, yana lissafin cinikin da ake yi ba da shi ba. Daga nan sai ka gan shi a bayan moto da sanda a hannu, yana cewa ai ya ji sauƙi. A ganinmu abu biyu ne ke fitar da shi, wato gundura da tsoron kada abokan ciniki su koma wurin wani. Maganinsu kuma ɗaya ne: a sama masa aikin da ake yi a zaune, a kuma tsara masa yininsa kamar yadda kasuwa ta saba tsara masa.

Da farko dai ya kamata mu gane cewa jiki yana da nasa lissafin, ba ya kuma karɓar tayi. Karayar babban mutum takan ɗauki sati 6 zuwa 12 kafin ƙashi ya haɗe, ƙashin ƙwauri ma yakan wuce haka. Wanda aka yi wa aikin gwaiwa akan hana shi ɗaukar nauyi na sati 4 zuwa 6. Matar da aka ciro wa ɗa ta hanyar tiyata tana bukatar kimanin sati 6. Inda ake yaudaruwa shi ne, raɗaɗi yana riga ciwo tafiya. Fata ta rufe a waje, amma a ciki nama bai gama kamawa ba. Buhun shinkafa ɗaya mai kilo 50 ya isa ya warware aikin likita, sai mutum ya sake biyan kuɗin gado da na magani, zaman sati shida ya koma na wata huɗu. Wanda ya ƙi asarar kasuwa uku sai ya yi asarar kasuwa ashirin.

Wani hanzari ba gudu ba, akwai waɗanda su kuma suke ɗaukar hutun likita a matsayin a miƙe a kan gado daga safe har dare. Wannan ma cuta ce. A shekarar 1966 likitoci a garin Dallas na Amurka suka kwantar da samari biyar lafiyayyu, 'yan shekara 20, har sati uku ba tashi. Da aka auna su sai aka ga ƙarfin zuciya da numfashinsu ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30, a 1996, aka sake auna mutanen nan biyar, aka tarar cewa kwanciyar sati ukun nan ta fi tsufan shekara 30 raunana su. Ban da wannan, doguwar kwanciya tana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, tana kawo gyambo a baya, tana ɗaure ciki. Shi ya sa a yau likitoci kan tayar da mutum ya taka ko da kwana ɗaya ne bayan aiki.

Saboda haka aikin farko na mara lafiya shi ne ya san ainihin abin da aka hana shi. A nan muna da matsalar harshe, domin a asibitocin Lome da Faransanci ko Mina ake magana, da yawa daga cikinmu kuwa kalmar "repos" kawai muke tsinta mu taho gida. Kada a ji kunyar tafiya da yaron da ya yi boko ya yi tafinta. A tambaya dalla-dalla: zan iya takawa zuwa masallacin unguwa? Kilo nawa zan iya ɗagawa? Zan iya zama a shago awa biyu? Yaushe zan hau moto, yaushe zan shiga motar tafiya? A rubuta amsar a takarda a maƙala a bango. Sau da yawa za a ga abin da aka hana bai kai abin da aka bari yawa ba.

Masu ganin cewa ciniki ba ya yiwuwa sai da ƙafa, su waiwayi tarihin unguwar nan. Tsohon Zongo a tsakiyar birni yake, kusa da kasuwa, har zuwa 1977 da hukuma ta rushe shi aka kwaso iyayenmu zuwa nan, kimanin kilomita 15 arewa da gari. Wani Bafaranshe mai bincike, Michel Agier, ya zauna cikin mutanen Zongo ya fitar da littafi a kansu a 1983, inda ya nuna cewa ginshiƙin fataucin shanu da goro shi ne maigida. Haka wani Bature, Abner Cohen, ya bayyana game da Sabon Ibadan a littafinsa na 1969. To, mene ne aikin maigida? Shi ke sauke baƙo, ya ajiye masa kuɗinsa, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa lamuni, ya raba gardama idan ta taso, ya karɓi la'adarsa. Akasarin wannan a zaure ake yin sa, a kan buzu. Yara ne ke kai da kawowa, amma magana da amana suna wurin wanda ke zaune. Ashe wanda likita ya zaunar, kujerar maigida aka ba shi aro na 'yan makonni.

Mu kanmu an taɓa zaunar da mu. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Annobar korona ta sa an rufe Aflawo a Maris na 2020, ba a buɗe wa matafiya ba sai a 2022. A wancan lokaci mun koyi ba direba saƙo, mun koyi tura hoton kaya ta WhatsApp, mun koyi biya da karɓa ta waya. Abin da muka iya yi saboda dokar gwamnati, me zai hana mu yi shi saboda lafiyar jikinmu?

Ga shawararmu kan tsarin yini. Bayan sallar asuba, wadda addini ya yarda mara lafiya ya yi a zaune ko a kwance gwargwadon ikonsa, sai karatu. Alƙur'ani izu 60 ne, wanda ya riƙe izu biyu a rana zai sauke cikin kwana 30, abin da wasunmu suka yi shekaru suna buri hanya ba ta bari ba. Da hantsi sai a buɗe kasuwar waya na awa ɗaya ko biyu: a ji farashi a Kumasi da Kwatano da Sinkase, a ji yadda canji ya kwana, a gaisa da abokan ciniki ko da ba za a sayar musu da komai ba. Abokin ciniki ba ya guduwa don ka yi ciwo, yana guduwa ne idan ya daina jin ɗuriyarka. Bayan azahar a huta, a yi takawar da likita ya yarda da ita. Da la'asar a fito ƙofar gida a sha iska, a buga dara, a saurari labaran duniya.

Sannan ga aikin da kowa ke ɗagewa zuwa gobe, wato littafin bashi. 'Yan kasuwarmu da yawa a ka suke riƙe lissafinsu: wa nake bi, wa ke bina, kayan wa ke hannuna. Gobarar da ta cinye Babbar Kasuwar Lome da ta Kara a Janairun 2013 ta nuna mana cewa dukiyar shago kan tafi cikin dare ɗaya. Mutuwa kuma ba ta sallama, mun sha ganin magada suna rigima domin maigida ya tafi da lissafinsa a ƙirji. Littafin makaranta guda da biro sun isa. A zauna da ɗa ko yaron shago a rubuta komai, suna da adadi da rana. A nan ne kuma za a gwada yaron: a aike shi da ƙaramin kaya, ya dawo ya ba da bayani, a gyara masa. Kasuwancin da ke tsayawa cak ranar da mai shi ya kwanta, da ma can a kan ƙafa ɗaya yake tsaye.

Haka nan sati shida kwana 42 ne, sun isa mutum ya koyi abin da zai amfane shi a bakin iyaka. Tun 2023 kayan Nijar masu yawa suka koma bi ta tashar jirgin ruwan Lome, a Janairun 2025 kuma Nijar da Burkina Faso da Mali suka fita daga CEDEAO. Duk sa'ad da irin wannan ta faru, takardu ne ke ƙaruwa, wanda bai iya karanta su ba kuwa shi ke biyan abin da bai sani ba. Rabin awa a kullum tare da ɗan makaranta, ana bin takardar duwan layi-layi, ana koyon lambobi da sunayen kaya da Faransanci da Turanci, riba ce da ba a biya mata haraji.

Iyayenmu mata su ne zaman ya fi wahalarwa, domin ko an hana su kasuwa aikin gida ba ya ɗaga musu ƙafa. Matar da aka yi wa tiyata ba ta da haɗi da daka, ko ɗiban ruwa, ko ɗora daro a ka. Amma tana iya ƙulla sukari da gyaɗa a leda, tana iya karɓar saƙon masu son atamfa ta waya, tana iya riƙe lissafin adashi. Nauyin sauran yana kan maigida da 'yan uwa da maƙwabta, kada a bari kunya ta sa ta tashi.

Sai dai a yi hattara, domin gundura tana da miyagun abokai. Na farko cacar ƙwallo ta waya, wadda ke cinye jari mutum yana kwance. Na biyu tramol, da wasu ke sha don su danne ciwo su koma aiki, alhali ƙwayar ba ta haɗa ƙashi, ƙararrawar jiki kawai take kashewa. Mai hawan jini kuma ya bar wa wani kiran masu taurin bashi, don faɗa a waya ma ɗaukar kaya ne.

Mun san za a ce wannan duk maganar masu jari ce. Ɗan dako da mai zemijan da mai tura baro fa, waɗanda in ba su fita ba tukunya ba ta hau wuta? Wannan gaskiya ce, ba kuma za a ce wa mai yunwa ya buga dara ba. Togo ta fara shirin inshorar lafiya na AMU a Janairun 2024, amma inshora magani take biya, ba ta saya wa yara koko da safe. Wannan giɓi mu ne za mu cike shi. Idan 'yan kasuwa 50 a layi ɗaya suka riƙa ajiye sefa 500 kowane sati, an tara sefa 25,000, wadda za ta taimaka wa gida ɗaya ko biyu har mai gidan ya miƙe. Mai shago kuma ya ɗauki ɗan dakon da ya saba yi masa aiki ya zaunar da shi yana gadin kaya ko ƙirga katan, ya biya shi. Wannan ya fi sadaka daraja a idon mai ciwo, domin ya ci guminsa.

Muna kira ga sarakunan Zongo da limamai da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da su ɗauki wannan magana. A raba dubiya, kada a taru a rana ɗaya a bar mutum shi kaɗai wata guda. Mutum biyu a kowace la'asar sun fi hamsin a ranar sallama daga asibiti. Mai zuwa dubiya ya zo da labarin kasuwa da neman shawara, ya bar labarin wane da irin wannan ciwo ya kashe. Wanda kuma ya janye abokin cinikin maƙwabcinsa don ya gan shi a kwance, a kira shi a gaban manya a faɗa masa gaskiya, domin ciwo ba ya zaɓen ƙofa.

Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Aflawo na nan, Sinkase na nan, za su jira mai lafiya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, Ya sa kaffara ne, Ya albarkaci nemanmu, amin.