Sharhi: Kati Ya Sallami Dila, Saura Littafi

Sharhinmu na yau zai duba yadda ƙananan 'yan kasuwar Lafia ke sarin kaya da kati, da abin da ya kamata ya shiga littafi bayan na'ura ta fitar da rasit.

Shekarun baya, ɗan sari kan shiga Kasuwar Zamani ta Lafia ko Kasuwar Alamis da damin kuɗi a aljihun 'yar ciki, ya ƙirga wa dila a hannu. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Farkon 2023 tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, har masu doya a Agyaragu da masu auna riɗi a Doma suka koyi cewa "turo ta akawun". A ranar 3 ga Maris 2023 Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun. Kuɗi sun dawo hannun jama'a, amma na'urar POS ta riga ta samu gindin zama a kan teburin kowane dila.

Tsabar kuɗi tana da wata fa'ida da kati ba shi da ita: idan ta ragu, aljihu kan shaida. Kati kuwa, kaurinsa da safe shi ne kaurinsa da yamma. Shi ya sa masu shaguna da yawa suka sakankance da alat, suna ganin tunda saƙo yana cikin waya, lissafi ya cika. Alhali alat adadi da lokaci da suna kawai yake faɗa. Ba ya cewa katan nawa ne na taliya, buhu nawa ne na sukari, ko kuɗin na sabon kaya ne ko na tsohon bashi.

Katunan kuma iri biyu ne. Akwai katin ATM da kowa ya sani, na Verve ko Mastercard ko Visa, wanda ke cirar kuɗin mutum daga asusunsa nan take. Akwai kuma katin bashi, wanda banki ke biyan dila da kuɗinsa, mai kati ya biya bankin daga baya. Wannan na biyun bai yaɗu ba a Najeriya. Binciken Bankin Duniya na 2021 ya nuna masu shi ba su kai kashi 3 cikin 100 na baligai ba. Sai dai 'yan'uwansa sun fara yawa: rancen manhajojin waya, da damar zarce abin da ke cikin asusu, da jarin da kamfanoni irin su Moniepoint ke bai wa masu na'urorinsu. Gwamnatin tarayya ma ta kafa hukumar CREDICORP a 2024 don faɗaɗa sayen kaya a kan bashi. Duk waɗannan, ƙa'idar rubuta su ɗaya ce.

A ɗauki misalin mai shagon kayan masarufi a kan titin Jos, wanda ya sari kayan naira 400,000. Ya biya 150,000 da katin ATM, ragowar 250,000 ya sa katin bashi. Dila ya ga alat, ya sa yara sun loda kaya a keke napep, sun yi sallama. A wajen dila magana ta ƙare. A wajen mai shago kuwa, bashi bai mutu ba, ubangida kawai ya sauya: maimakon dila, yanzu banki ne ke binsa.

Abin da ya dace ya rubuta a daren ranar layi uku ne. A shafin sari: kayan 400,000 sun shigo, da kwanan wata da sunan dila da lambar rasit. A shafin banki: 150,000 sun fita. A wani shafi na daban mai suna bashin kati: ana binsa 250,000, tare da ranar da wa'adi zai cika. Ranar da ya biya banki, sai ya rage kuɗin daga shafin banki, ya soke su a shafin bashin kati. Shafin sari ba ya taɓa shi, domin ba sabon kaya ya shigo ba.

A nan ne ake yin kuskure biyu masu cin jari. A ce ya sayar da kayan duka a kan 450,000, wato ribarsa ta gaskiya 50,000 ce. Idan bai rubuta abin da katin bashi ya biya ba, don bai ga kuɗi sun fita daga asusunsa ba, littafi zai nuna masa ribar 300,000. Sai ya saki jiki, ya yi ɗinkin Sallah ko na Kirsimeti, ya zuba adashi, ƙarshen wata banki ya ƙwanƙwasa ƙofa. Idan kuma ya rubuta sarin ranar da kaya suka zo, ya sake rubuta biyan banki a matsayin wani sarin, littafi zai ce ya kashe 650,000, ya faɗi da 200,000. Daga nan sai zargi ya hau kan yaron shago da bai ci ba bai sha ba.

Haka abin yake ga wanda ya saba ɗaukar kaya a kan amana, ya biya bayan kasuwa biyu. Ranar ɗauka ake rubuta sari da bashin dila. Ranar da aka zira kati, bashin dilan ake sokewa kawai.

Sai ƙananan kuɗaɗen da ke zurarewa ba a ji ba. Akwai naira 50 da ake cirewa a kan tiransifa ta naira 10,000 zuwa sama, akwai cajin da wasu diloli ke ɗorawa a kan POS, akwai kuɗin ruwa idan wa'adi ya wuce. A Nuwamban 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, rancen 'yan kasuwa kuwa a sama da haka yake tafiya. Waɗannan caje-caje shafinsu daban, kada a cusa su cikin farashin kaya, don mai shago ya ga ainihin abin da bashi ke ci masa.

Rasit ɗin POS ma ba abin dogaro ba ne shi kaɗai. Takardarsa da zafi ake buga ta, in ta sha rana ko ta daɗe a aljihu sai rubutun ya dushe ta koma fara fat. Sau da yawa kuma sunan da ke fitowa a alat ba shi ne sunan da ke kan allon shagon dila ba, na ɗansa ne ko na wani kamfaninsa. Maganin shi ne a ɗauki hoton rasit ɗin da waya, a manne shi da takardar lissafin kaya, a rubuta sunan dila da biro a bayansa. Wannan shaida ita ke ceton mutum idan na'ura ta ce kuɗi ba su tafi ba alhali an cire. Tun Yunin 2020 Babban Banki ya umarci bankuna su warware irin wannan taƙaddama ta POS cikin sa'o'i 72.

Rubuta bashi ba baƙon abu ba ne a nan. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi mai wa'adi ta sauka. Yau buƙatar ta ƙaru: sababbin dokokin harajin da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a Yunin 2025 sun yi wa ƙananan kamfanoni rangwame, amma da littafi ake tabbatar da girman ciniki. Bankuna ma tarihin asusu suke dubawa kafin su ba da jari. Saboda haka a raba katin shago da na cefanen gida.

Shugabannin ƙungiyoyin kasuwa na iya haɗa kai da hukumar SMEDAN da malaman akanta na Jami'ar Tarayya ta Lafia da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai, a riƙa koyar da wannan lissafi da Hausa a cikin kasuwa. Kafin nan, kowane mai shago na iya karɓar bayanin asusunsa daga banki a ƙarshen wata, ya jera shi da shafin bashin kati, layi bayan layi, ya tuhumi duk adadin da bai samu abokinsa ba.