Kayan Binciken Salsala: Rikoda Kafin Kwamfuta

Ma'aikacin da ke zaune a Dutse idan ya yi niyyar rubuta tarihin zuriyarsa, yakan fara tunanin kwamfuta da manhajojin zana bishiyar dangi. Waɗannan manhajoji an ƙera su ne domin ƙasashen da ke da rajistar haihuwa ta ɗaruruwan shekaru. A Kiyawa, Jahun ko Birnin Kudu kuwa, mafi yawan rajistar tana cikin ƙirazan tsofaffi, kuma kullum raguwa take yi. Saboda haka abin ɗaukar murya ya cancanci kuɗin farko.

Wayar hannu ta wadatar, matuƙar an haɗa ta da ƙaramin makirfo da batirin ajiyar caji. Sai littafi mai kaurin bango, inda za a rubuta sunan mai bayani, garinsa, da ranar hirar. Kowane mutum a ware masa gurbi biyu, na sunan yanka da na laƙabi, domin alkunya takan hana tsohuwa ambaton sunan mijinta ko ɗan farinta, ga shi kuma ita ta fi kowa riƙe wa ya auri wa.

Na uku takarda ce guda mai jerin manyan al'amura, tunda dattijo da aukuwar abu yake auna zamani: shigowar Turawa Kano a 1903, 'yancin kai a 1960, fitowar naira a 1973, soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979, da ƙirƙiro Jigawa a 1991. Da wannan jeri ake mayar da "an haife shi shekarar canjin kuɗi" ta zama lamba.

Takardun gida su ma suna da haƙƙi: wasiƙun ajami, takardun rabon gado, rasit na haraji, da tsofaffin hotuna. Maƙiyansu gara da danshi ne, kuma ambaliyar 2022 ta nuna yadda dare ɗaya ke cinye ajiyar shekaru. Akwatin ƙarfe da aka ɗora a sama ya fi jakar leda, wadda ke tara gumi. Kada a liƙa musu salatif ko a manne su da roba mai zafi. A ɗauki hotonsu a inuwa, a raba kwafi gida uku.

Na ƙarshe kuɗin mota ne. Dutse gunduma ce a ƙarƙashin Kano zamanin Turawa, don haka fayilolinta suna Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, wasu kuma a Kano. Waɗannan za su iya jira har baɗi. Kakar da ke Garu ita ce ya kamata a je wa a wannan mako.